Tsattsewa da Tsaka a Gidan Kaka

A gidanmu na unguwar Nima, a Akara, halittun Allah kashi biyu ne, kuma kakata ce ta raba su. Akwai waɗanda suka kai ruwa, akwai waɗanda suka hura wuta. Ba ruwanta da mai gashi ko mai ɓawo, mai tashi sama ko mai jan ciki. Tambayarta ɗaya ce: ranar da azzalumin sarkin nan ya jefa Annabin Allah cikin wuta, me kakanninka suka yi? Tsattsewa, 'yar tsuntsuwar nan mai wutsiya kamar almakashi, ta yi ta ɗebo ruwa da ɗan bakinta tana ɗigawa. Kwaɗo ma ya cika kumatu ya kai nasa. Tsaka kuwa, mai maƙalewa a bango, sai ta raɓe gefe tana hura wutar don ta ƙara ci. Daga ranar aka gama shari'a. Tsattsewa baƙuwar Allah ce, ba a taɓa ta. Tsaka duk inda aka gan ta silifa ne rabonta, kuma wanda ya gama da ita da bugu ɗaya ya fi kowa lada.

Kaka mahaifiyar babana ce. Daga Maraɗi ta zo tun tana amarya, ta biyo mijinta fataucin goro. Ya rasu ya bar ta a Akara, ita kuma ta zauna tana sayar da koko da ƙosai a bakin babbar gota, magudanar ruwan da ta raba mu da unguwar Maamobi. Saman ƙofar ɗakinta, inda katakon baranda ya haɗu da bango, nan tsattsewa suka gina gidansu na laka, kamar rabin ƙwarya da aka manna. Kullum bakin ƙofar cike yake da kashinsu. Mahaifiyata, da muke kira Mma, ita ke sharewa, tana ƙunƙuni da Dagbanci don kada surukarta ta gane. In ruwan sama ya ɗauke ƙasa ta bushe, Kaka na da wani fasasshen kasko a gindin bango. Takan zuba jar ƙasa a ciki ta kwaɓa da ruwa, don baƙinta su samu abin gyaran gini. Akwai wani ɗan haya a gidan, mai dako a kasuwar Malam Atta, da ya taɓa ɗaga sanda zai kaɓe sheƙar, wai sun ɓata masa rigar Juma'a a kan igiya. Bawan Allah nan sai da ya yi wata da watanni yana tsallaka gota zuwa Maamobi shan koko.

A lokacin tsuntsayen ba su dame ni ba, don ni ma a kashin masu kai ruwa nake. Ni ke kwana bayan Kaka a kan gadonta na ƙarfe mai yawan kuka. Ni ke ɗaukar mata kujera da ludaya zuwa bakin titi kafin in wuce makaranta. Ɓarɓashin ƙosai, wanda ke taruwa a gindin kwandon tsane mai ya soyu ƙayau, nawa ne, ko ƙannena sun san ba a tambaya. Abu ɗaya ne ke shiga tsakaninmu, shi ne bakina. Hausar Nima nake yi, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta. In na ce, "Kaka ya dawo," sai ta waiwaya ta ce, "Wane ƙato ne ya dawo?" Takan ce Hausata ta sha ruwan teku har ta yi gishiri, kuma ta san daga nonon da na sha gishirin ya fara. Amma tana faɗa tana tura mini ƙosai, saboda haka maganar ba ta taɓa yi mini zafi ba.

Sai baƙuwa ta zo.

'Yar gwaggona ce. Kaka 'ya mace ɗaya ta haifa, ta kuma mayar da ita Maraɗi ta yi aure can, don kada ta auri mai gishirin baki. Gwaggon nan ta rasu, aka aiko da 'yarta a motar 'yan goro, tsarata, siririya, da ƙunshin kaya ɗaya. Tana sauka ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Kaka, gaisuwa mai tsawo, kowace kalma a wanke tas. Ban taɓa ganin Kaka ta yi kuka ba sai ranar. Ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu tana cewa, "Sake faɗa in ji. Muryar uwarki ce, wallahi muryarta ce." Ni ina tsaye riƙe da ƙunshin kayan, ba wanda ya ce in ajiye.

Gadon Kaka ba ya ɗaukar mutum uku. Aka ce in koma ɗakin Mma wurin ƙannena, kafin baƙuwa ta saba. Ta saba da famfo, ta saba da layin banɗaki, ta saba da dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi har ta fi ni ci, amma da alama gadon ne ba ta taɓa sabawa da shi ba, don ba a sake kirana ba. Ba a sa ta makarantar boko ba, sai ta allo da yamma, saboda haka tun asuba har azahar tana gindin Kaka. Kujerar ta koma kanta. Ranar da na fara dawowa na tarar da kwandon ƙosai a wanke, babu ko ƙwayar ɓarɓashi, na shiga bayan ɗaki na ciji hannuna don kada in yi ihu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yarinyar ba ta da mugunta. Da ta kasance mai tsiwa ce da na samu abin kamawa. Amma washegari sai ga ta da ɓarɓashin a ganye, ta ce, "Ga naki, 'yar'uwa, an ce ke ke so." Wato abina ne ya zama sadaka, kuma ita ke bayarwa. Na karɓa na cinye, don kishi bai taɓa hana ni cin abinci ba, amma ban ce na gode ba. In suna hira da Kaka ta garin da ban taɓa gani ba, wace rijiya ce ta ƙafe, wace tsohuwa ce ta makance, sai in ji kamar an rufe mini ƙofa alhali a buɗe take. Har mutanen gidan suka koyi kiranta baƙuwar Kaka. Tsuntsaye baƙin Kaka, yarinya baƙuwar Kaka. Na fara duban sheƙar nan da wani ido.

A ɗakin Mma na gamu da tsakata. Bayan sallar magariba, in an kunna fitila an rataye a ƙusa, sai ta fito daga bayan madubi. Fara ce sol, har kana iya ganin abin da ta ci a cikinta, wutsiyarta guntuwa ce, da alama ta taɓa tsere wa wani silifan. Takan tsaya cak, ta matsa kaɗan, ta sake tsayawa, sai caraf, sauro ya tafi. Da farko na buɗe baki zan kira Mma. Sai na fasa. Na kwanta ina kallonta, ina lissafi irin na yaran da aka kora daga gado. Tsattsewa sauro take ci, wannan ma sauro take ci. Tsattsewa tana ɓata bakin ƙofa, wannan ba ta ɓata komai ba sai ɗan ɗigo a bayan madubi. Tsattsewa takan ɓace ta tafi inda ta ga dama, ta dawo a yi mata maraba da kaskon laka. Wannan a bangon gidan nan aka haife ta, ba ta san ko'ina ba sai nan, kuma ita ce ke ɓuya. Ban ce ni ce ita ba, ban kai wannan wayon ba. Na dai ji cewa ni da ita muna ɓangare ɗaya. Mma ta gan ta, na san ta gan ta, amma Mma ba ta cika neman lada a bango ba, sai ta kau da kai.

Ana nan sai malamarmu ta boko, wata doguwar mace 'yar kabilar Ga mai son tsabtar farce, ta zo da wata babbar takarda mai hotunan dabbobi ta rataye a allo. Ta ce masana sun raba halittu gida-gida. Ga gidan masu shayarwa, akuya da jemage da mu kanmu. Ga gidan tsuntsaye. Ga kifaye. Ga masu ɓawo, maciji da kada da ƙadangare. Ga kuma gidan masu zaman ruwa da tudu, kwaɗo na zaune a ciki ya kumbura. Kusa da kwaɗon akwai wata aba baƙa mai ɗigon rawaya, da wutsiya, da ƙafafu huɗu a baje, da kai mai faɗi. In ka cire launin, tsakata ce sak.

Malama ta ce sunanta salamanda, babu ita a ƙasarmu, a ƙasashen sanyi take. Ta ce Turawan dā sun tsane ta, suna cewa 'yar wuta ce, a cikin wuta take zama, suna kashe ta duk inda suka gan ta. Alhali baiwar Allah cikin jiƙaƙƙen icce take ɓuya don tana son danshi. In an ɗauko iccen an sa a murhu, sai ta fito a guje tana neman tsira, su kuma su ce ga ta nan, wuta ce ta haife ta. Ta ce yanzu da suka gane, a wasu wuraren har hana kashe ta suke yi.

Ban ji sauran darasin ba. Ga aba mai kama da tsaka, an yi mata sharrin wuta, an kuma wanke ta. Ba wannan kaɗai ba, a gidan kwaɗo take, kwaɗon da Kaka da bakinta ta ce ya kai ruwa. Babu hoton tsaka a takardar, ni kuma ban tambaya ba. Me zan tambaya? Na dubi ƙadangaren hoton mai kaushin jiki, na tuna laushin fatar tawa, na yanke hukunci da kaina. Aka tashi na kwasa da gudu, na tsallake gota ta kan katako ko tsoro ban ji ba. A raina na riga na ga yadda za a yi: Kaka za ta saki baki, ta ce ashe jikar nan tawa ta san abin da ban sani ba, ta matsa mini wuri kusa da ita.

Na same su a baranda suna surfa waken ƙosan gobe, ita da baƙuwarta, tsuntsayen na shiga suna fita a saman kansu.

"Kaka," na ce ina haki, "tsaka ba shi da laifi."

"Ba ta," in ji Kaka, ko ɗagowa ba ta yi ba. "In ji wa?"

"A sukuu aka nuna mana. Tsaka ɗan'uwan kwaɗo ne, gidansu ɗaya. Na Turawa ma an ce ɗan wuta ne, ashe ƙarya ne, gudu yake yi. Ke kika ce kwaɗo ya kai ruwa. To ɗan'uwansa fa?"

Baƙuwa ta tsaya da aikin tana kallona. Kaka ta tsame hannunta daga ruwan wake ta yarfe.

"To, ko 'yar sarkin kwaɗi ce," ta ce. "Ni na tambaye ki danginta? Turawa su raba nasu yadda suka ga dama, ai su suka zana takardar. Ni abin da na tambaya, ranar wuta me ta yi?"

"Amma Kaka, wanda ke ɗakinmu bai je wurin ba! Ba a ma haife shi ba. Sauro kawai yake ci, kamar tsuntsayenki."

"Su ma waɗannan ba su je ba." Ta nuna sheƙar da haɓa. "Kakarsu ce ta je. Kowa abin da uwarsa ta bar masa yake ci."

Tana faɗin haka tana gyara wa baƙuwa ɗankwalinta da ya zame, da jiƙaƙƙen hannu, ba tare da ta ma san tana yi ba. A can bakin murhu Mma ta ci gaba da fifita wuta kamar ba ta ji ba. Ni na ji. Yau da na tsufa ba na jayayya da abin da malamai suka karantar game da tsaka, sun fi ni sani. Amma ranar ba maganar tsaka na ji ba. Na ji an gaya mini abin da uwata ta bar mini, da abin da uwar wata ta bar mata, kuma babu karatun da zai sauya rabon.

Sai Kaka ta tsaya cak, hannunta a kan ɗankwalin.

"Tsaya tukuna. Wace ce ke ɗakinku?"

Nan na gane abin da bakina ya yi. Na ce babu, na ce ta tafi tun jiya, na ce a makaranta nake nufi. Kaka ta cire silifanta ɗaya ta miƙa wa baƙuwa. Ta ce ƙannena na kwana a ɗakin nan, ga tulun ruwa a buɗe, ni kuma na zauna ina kiwon annoba saboda an koya mini boko. Yarinyar ta dube ni, ta dubi Kaka, ta karɓa. Me za ta yi? Aka ɗaga madubi. Tsakata na manne a wurin, rana ta kashe mata ido, ko motsi ba ta yi ba. Baƙuwa ta yi bisimilla ta rufe ido ta kai bugu.

"Bugu ɗaya!" in ji Kaka daga bakin ƙofa. "Allah ya yi miki albarka. Hannun uwarki ke nan, ita ma ba ta kuskure."

Guntuwar wutsiyar ta daɗe tana motsi a kan siminti. Mma ta zo da tsintsiya ta kwashe, ta haɗa da kashin tsuntsayen bakin ƙofa a mazubi ɗaya, ta kai gota. Da ta dawo ta dafa kaina sau ɗaya ta wuce. Wato ni na yi kiwo, ni na kai ƙara da bakina, wata ta kwashe lada da albarka. Ko a kashe abin da nake so, ita aka zaɓa.

Kwana kaɗan bayan haka matan gidan suka tafi suna a Maamobi, aka bar ni da tsaron tukunya. Akwai wata doguwar gora da ake tokare igiyar shanya da ita. Na ɗauko ta na tsaya ƙarƙashin sheƙar. A lokacin sun yi 'ya'ya, bakunansu rawaya jere a bakin lakar, suna tsammanin ni ma abinci na kawo. Zungura ɗaya ta isa. Ba tausayi ne ya hana ni ba, kada a ba ni ladan da ban yi aikinsa ba. Tsayawa na yi na hango abin da zai biyo baya: Kaka za ta dawo ta ga laka a ƙasa, ta zauna ta yi kuka, kuma na san wadda za ta rungume ta tana ba ta haƙuri da wankakkiyar Hausa. Ashe ko wannan ma riba zan ƙara mata. Na mayar da gorar wurinta na koma na zauna gaban tukunya.

A makaranta kuma malama ta ƙarasa ni. Na same ta bayan an tashi na tambaye ta, ashe ba tsaka ce 'yar'uwar salamanda ba? Ta yi dariya, ba ta mugunta ba. Ta ce kama ce kawai. Tsaka a gidan ƙadangare take, fatarta busasshiya ce mai ƙananan ɓawo, ƙwanta mai ƙwanso ne, a lungun bango take ajiye shi. Salamanda fatarta a jiƙe take, 'ya'yanta a ruwa suke fara rayuwa kamar na kwaɗo. Ta ce ko kusa ba su haɗa gida ba. Na ce to tsaka fa, akwai inda aka hana kashe ta? Ta ce ba ta taɓa ji ba, ai suna da yawa, wa zai damu. Na fito ina jan jakata. A wurin Kaka ba ta da aikin kirki, a takardar malama ba ta da dangin kirki.

Haka muka zauna, ni da kishina, har ƙarshen shekarun sittin. Sai wata rana rediyo ta faɗi cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, an kuma ba da ɗan gajeren wa'adi. Nima ta hargitse. Mutanen da na buɗe ido na gani a unguwa, mai wankin hula, mai nama, mai gyaran fitila, suka wayi gari baƙi. Gadaje da kekunan ɗinki suka cika bakin titi ana neman mai saye. Gidanmu ma aka sake raba shi kashi biyu, wannan karon ba Kaka ce ta raba ba. Mma 'yar ƙasa ce daga wajen Tamale. Baba direba ne a wata ma'aikata, ya samu takarda ta wurin aikinsa, mu 'ya'yansa muka fake a bayansu. Kaka da baƙuwarta ba su da komai. Baba ya ce zai yi ƙoƙari ya nema musu. Kaka ta ce ya bari. Ta ce ba za ta shiga layi da furfurarta tana roƙon a bar ta ta zauna a garin da ta binne mijinta ba, gara ta je ta mutu inda aka san sunan ubanta.

Mutane na kukan rabuwa da dukiya, ni abin da na gani ɗaya ne: za su tafi tare. Su biyu, a mota ɗaya, kwana da kwanaki, sannan gari ɗaya, ɗaki ɗaya, har abada. Na shiga ɗakin Kaka tana ɗaure kwanoninta a zane, na durƙusa har ƙasa yadda na ga wata na yi, na tattaro duk Hausar kirkin da nake da ita.

"Kaka, ki tafi da ni. Zan riƙa ɗaukar miki kujera."

Ta dube ni, ta ɗan yi murmushi.

"Ke ina za ki? Ke 'yar nan ce, ba wanda ya kore ki. Da wannan bakin naki, ai sai yaran Maraɗi su riƙa binki suna tafi." Ta ja ƙullin zanen da haƙori. Sannan ta kama hannuna ta fito da ni baranda, ta nuna mini fasasshen kaskon. "Ga aikinki. In ƙasa ta bushe ki kwaɓa musu. Kada ki bari kowa ya taɓa mini su, ko ubanki ne. Kin ji?"

Na ce na ji.

A bakin famfo na tarar da baƙuwa tana wanke tukunyar koko, hawaye na zuba a ciki. Ba ta son tafiya. Can babu uwa, babu teku, babu soyayyen kifi, sai matan uba da ba ta sani ba. Ta ce mini, "Ke kin huta, 'yar'uwa. Ba mai cewa ki tashi." Na san gaskiya ta faɗa, na kuma san ya kamata in ji tausayinta. Amma abin da ya zo raina shi ne, ji wannan, an ba ta Kaka ɗungurungum tana kuka. Da za a yi musanya, da na ba ta famfon da tekun da Nima gaba ɗaya, har da takardar Baba.

Da hantsi suka hau motar, babbar mota mai katako a baya, mutane a kan kaya, kaya a kan mutane. Baba ya ɗaga Kaka ya zaunar da ita kan buhu. Baƙuwa ta hau ta raɓa a jikinta. Rana ta fara zafi, sai na ga Kaka ta warware mayafinta ta rufe kansu su biyu. Ta ɗaga mana hannu, mu duka, jimla. Abin da na gani na ƙarshe ke nan, mayafi ɗaya da kai biyu a ƙarƙashinsa, har motar ta sha kwana.

Ranar aka ce in koma ɗakin Kaka, tunda ya zama babu kowa. Gadon ƙarfen bai samu mai saye ba, yana nan. Na samu abin da na yi shekaru ina nema, na kwanta a tsakiyarsa, na mirgina dama na mirgina hagu, yana ta kuka shi kaɗai. Ba a daɗe ba tsaka suka gane babu silifa a ɗakin, suka shigo suka yi gida a bayan ƙofa. Ban kira kowa ba. Da rana tsattsewa na cin sauron baranda, da magariba su kuma su karɓi na ciki.

Sheƙar kuwa na tsare ta kamar raina, ina jin haushinta. Da Baba ya kawo masu fenti, na tsaya a bakin ƙofa na ce sai dai su zagaye. Da sabon ɗan haya ya yi maganar ƙazanta, na nuna masa hanyar Maamobi. Ni na karɓi sharar kashin daga hannun Mma. Kowane rani ina kwaɓa laka ina ƙunƙuni, su kuma suna sauka suna ɗiba, ko kallona ba sa yi.

Bayan hanya ta lafa, wani tsoho ɗan goro da ya san gidanmu ya dawo daga arewa. Shi ya kawo labarin rasuwar Kaka. Ya ce ta cika cikin sauƙi, kanta a kan cinyar jikarta. Ba sai an gaya mini wace jika ba. Aka yi salati, aka yi addu'a, Baba ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Tsohon ya sha ruwa, ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya ya ce af, akwai saƙo. Ya ce da ya je gaishe ta tana kwance, ta ce in ya isa Nima ya nemi yarinyar gidan.

Na matso har ina taka masa riga. Na ce ni ce.

"Ta ce in tambaye ki, tsuntsayenta suna zuwa?"

Na ce suna zuwa. Na nuna masa da hannu, ga su can ma. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce madalla, ya ɗauki sandarsa. Na bi shi har ƙofar gida.

"Baba, saƙon ke nan?"

Ya tsaya ya yi tunani, tsakani da Allah ya yi tunani, don ya ga fuskata.

"Shi ke nan, 'yata."

Na dawo baranda. Rani ne, kaskon ya bushe har lakar ta tsattsage. Ɗaya daga cikin tsuntsayen ta sauka a bakinsa, ta duba, ta tashi ba ta samu komai ba. Na daɗe a tsaye ina harararta. Sannan na ɗauki bokiti na tafi famfo.